Noman Magarya 'Yar Aure a Kewayen Sharaɗa, Challawa da Bompai: Bayani Ga Manoma da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Jama'a da dama, musamman waɗanda suka je aikin Hajji ko Umra, sun san wani ɗan itace mai launin ruwan lemo da Larabawa ke kira mishmish, Turawa kuma su ce afrikot. Ana sayar da shi ɗanye ko busasshe, kuma da shi ake yin abin shan nan na kamaruddin da mutanen Masar da Sham ke buɗa baki da shi a watan azumi. Saboda daɗinsa da tsadarsa, wasu manoma da masu lambuna kan ajiye ƙwallonsa su shuka, wasu kuma kan sayi dashe a hannun masu yawo da shuke-shuke da sunan cewa shi ne. Wannan bayani zai nuna dalilin da ya sa itacen ba ya 'ya'ya a ƙasar Kano, sa'an nan ya yi cikakken bayani a kan itacen da ya dace a dasa a madadinsa, wato magarya 'yar aure. An fi mai da hankali ga manoman da ke kewayen unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, domin su ne ke da kasuwa a kusa, kuma su ne ke fuskantar matsalar gurɓataccen ruwa wadda sauran manoma ba su da ita.

Dalilin da ya sa mishmish ba ya yi a Kano

Mishmish itacen ƙasashen sanyi ne. Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa a duniya, musamman yankin Malatya, sai ƙasashe irin su Uzbekistan da Iran. A Afirka ana nomansa a Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Masar da Afirka ta Kudu. A duk waɗannan wurare itacen kan zubar da ganye ya yi barci a lokacin sanyi. Ba ya farkawa ya yi fure sai ya tara sa'o'i masu yawa cikin sanyin da ya kai digiri 7 a ma'aunin salshiyas ko ƙasa da haka. Yawancin ire-irensa na bukatar sa'o'i 300 zuwa 900 na irin wannan sanyi a kowace shekara.

A Kano kuwa, ko a tsakiyar hunturu, watannin Disamba da Janairu, da wuya sanyin dare ya sauka zuwa wannan matsayi, kuma da rana ta ɗaga sai zafi ya dawo. Saboda haka ƙwallon na iya tsirowa, itacen ya yi ganye na ɗan lokaci, amma manomi zai yi shekaru yana ban ruwa ba tare da ya ga amfanin a zo a gani ba. Babu taki ko magani da zai maye gurbin sanyin. Ana shawartar jama'a da kada su kashe kuɗinsu a kan wannan dashe, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Mece ce magarya 'yar aure?

Babu Bahaushen da bai san magarya ba. Tana fitowa da kanta a gonaki da bakin hanyoyi da makiyaya. Yara na tsintar 'ya'yanta, mata na daka su su yi tuwon magarya, awaki da raƙuma na cin ganyenta, ana yin shinge da ƙayarta, kuma da ganyenta ake wankan gawa. Kamar mishmish, ɗan magarya nama ne a waje da ƙwallo guda mai tauri a ciki. Abin da ya rage wa tamu ta gida daraja shi ne ƙanƙantar 'ya'ya: ƙwallo ya fi nama yawa.

A ƙasar Indiya, inda ake kiran itacen da suna ber, manoma sun daɗe suna zaɓen magarya mai manyan 'ya'ya suna yaɗa ta ta hanyar aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro da lemo. Daga can aka samo ire-iren da suka shigo Afirka ta Yamma. A shekarun 2000 cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, daga tasharta da ke Sadore kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, ta yi ƙoƙari sosai wajen yaɗa su, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dov Pasternak. A Nijar da Mali da Burkina Faso da Senegal ana kiran 'ya'yan da sunan da ke nufin tuffar Sahel. Ɗan magarya 'yar aure kan ninka na daji sau goma ko fiye a girma, ana cinsa ɗanye yana ƙaras-ƙaras, kuma yana ɗauke da bitamin C mai yawa.

Ire-iren da aka fi sani su ne:

1. Gola: 'ya'yanta kewayayyu ne, suna komawa rawaya in sun nuna, kuma ita ce ke riga sauran nuna.
2. Seb: siffar 'ya'yanta kamar ƙaramar tuffa.
3. Kaithli: 'ya'yanta dogaye ne masu ɗan tsini, suna da zaƙi.
4. Umran: 'ya'yanta manya ne, tana jinkirin nuna, amma ta fi jure ɗauka da ajiya.

Itacen na da saiwa mai nutsewa ƙasa sosai, yana jure zafin bazara da ƙarancin ruwa, kuma yana yi a ƙasar da mangwaro ko lemo ba za su ji daɗi ba. Ruwan saman da Kano ke samu daga Yuni zuwa Satumba ya ishe shi rayuwa da zarar ya kafu. Ban ruwa a lokacin da ya dace yana ƙara yawan 'ya'ya da girmansu.

Matsalar ruwa a kewayen masana'antu

Kafin a yi maganar rami da dashe, wajibi ne manomin wannan yanki ya san ruwan da zai yi amfani da shi. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, sai Sharaɗa da Challawa suka biyo baya daga shekarun 1970. Ko da yake masana'antu da yawa sun rufe, har yanzu akwai masu aiki, cikinsu har da na jimar fatu da na robobi da na abinci. Ruwan da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga kogin Jakara, wanda ke zuba a madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa. Na unguwar Challawa kuma, da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, yana gangarawa cikin kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa.

Masana'antun jima na zamani suna amfani da gishiri mai yawa da farar ƙasa da wani sinadari mai suna kuromiyam. Binciken da masana na jami'o'in ƙasar nan suka sha gudanarwa a kan waɗannan rafuka ya nuna akwai kuromiyam da dalma da kadmiyam a cikin ruwan da kuma ƙasar da aka daɗe ana ban ruwa da shi. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa kamar taki. Suna taruwa a ƙasa shekara bayan shekara, shuka ta zuƙa, mutum ko dabba su ci. Dalma na cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kadmiyam kuma na lalata ƙoda a hankali, ba tare da mutum ya ji alama da wuri ba.

Gaskiya ne kayan ganye irin su alayyafo da latas da kabeji sun fi 'ya'yan itace ɗaukar waɗannan ƙarafa, domin a jikin itace mafi yawansu kan tsaya a saiwa. Amma wannan bai zama izinin shayar da magarya ruwan kwata ba, saboda dalilai uku. Na farko, gishirin da ke cikin ruwan na ƙone ƙaramin dashe, kuma yana kashe ƙasa. Na biyu, ganyen magarya abincin dabbobi ne kuma mutane na jiƙa shi su sha. Na uku, itace ba kayan lambun wata uku ba ne. Zai yi shekaru ashirin ko talatin yana sha daga wuri guda.

Don haka a kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. Kada a yi ban ruwa da ruwan da ke da launi baƙi, shuɗi ko ja, ko mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko mai kumfa. Haka kuma a sani cewa ruwa na iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da dalma.
2. A yi amfani da ruwan sama da aka tara, ko rijiyar burtsatse, ko rijiyar da ke nesa da magudanar masana'antu. Rijiya marar zurfi da aka haƙa a gaɓar rafi sau da yawa ruwan rafin ne ke tsatsowa cikinta.
3. Kada a zuba laka ko tarkacen fata da aka kwaso daga masana'antar jima a matsayin taki. Takin shara da aka saba kawowa daga birni a tsince shi, a fitar da batura da gwangwanaye da robobi.
4. Gonar da aka yi shekaru ana shayar da ita ruwan Getsi ko Salanta, a kai samfurin ƙasarta da ruwanta ɗakin gwaji kafin a dasa abin ci. Idan gwaji ya nuna ta gurɓace, a dasa itatuwan katako da inuwa, kada a dasa na ci.

Zaɓen wuri da haƙa rami

Magarya na son rana sosai, saboda haka kada a dasa ta ƙarƙashin inuwar darbejiya ko mangwaro. Ta fi son jigawa ko ƙasa mai haɗin yashi da laka wadda ruwa ba ya kwanciya a kai. A bar tazarar mita 6 tsakanin itace da itace, wanda zai ba da kimanin itatuwa 277 a hekta guda. Wanda ke son ya ci gaba da shuka gyaɗa ko wake a tsakani sai ya bar mita 8, wato kimanin itatuwa 156 a hekta.

A haƙa rami a watan Afrilu ko Mayu, faɗinsa da zurfinsa santimita 60. A ware ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A bar ramin a buɗe mako biyu zuwa uku rana ta gasa shi. Bayan haka a cakuɗa ƙasar sama da bokiti biyu na ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan toka, a mayar cikin ramin. Ɗanyen taki na jawo gara kuma yana ƙone saiwa. Inda gara ta yi yawa, a haɗa da dakakken ƙwallon darbejiya.

Wanda gonarsa ta aro ce ko haya ko jingina, ya fara samun yardar mai gona a rubuce a gaban dagaci ko mai unguwa. Filayen kewayen birni na ƙara daraja kullum, kuma an sha samun saɓani a kan itacen da aka dasa a gonar da daga baya aka yanka ta fuloti.

Samun dashe da yadda ake aure

Abu mafi muhimmanci da za a riƙe shi ne: ƙwallon magarya 'yar aure ba ya haifar da irin uwarsa. Wanda ya ci Gola ya shuka ƙwallonta, mafi yawan lokaci ƙananan 'ya'ya zai samu. Aure kaɗai ke tabbatar da iri. Idan za a sayi dashe, a duba tabon auren a jikin kara, kimanin taƙi guda daga ƙasa, kuma a tambayi sunan irin da wurin da aka samo reshen.

Manomi na iya yin auren da kansa ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce reno daga ƙwallo. A tara nunannun 'ya'yan magaryar gida, a cire naman, a shanya ƙwallon. A fasa shi a hankali da guduma a fitar da ƙwayar da ke ciki, domin ƙwallon da ba a fasa ba kan yi makonni bai tsiro ba, ƙwayar kuwa kan fito cikin mako guda zuwa biyu. A shuka a doguwar leda a watan Maris ko Afrilu. Bayan kimanin wata uku, idan karan ya kai kaurin fensir, ya isa aure. Tun da saiwar magarya na saurin nutsewa, kada a bar dashe ya daɗe a leda har saiwar ta naɗe. Wanda ke da ruwa a gonarsa zai fi samun itace mai ƙarfi idan ya shuka ƙwayar kai tsaye a cikin ramin ya yi auren a nan.

Hanya ta biyu ita ce aurar da magaryar da ta riga ta girma a gona. Wannan ita ce mafi sauƙi da sauri, domin saiwa ta riga ta kafu, ba ta bukatar ban ruwa. A sare itacen a watan Afrilu daidai gwiwa. Zai fitar da tohon da yawa. A zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a cire sauran. Idan suka kai kaurin fensir sai a aura su. A lura kada a rikita magarya da magaryar kura, wadda ganyenta ya fi faɗi da sheƙi kuma 'ya'yanta na da ɗaci.

Lokacin aure shi ne daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da ɓawo ke saɓuwa cikin sauƙi. Ga yadda ake yi:

1. Da sassafe a yanko reshe mai lafiya daga itacen da aka tabbatar da irinsa, a cire ganyen a bar guntun hannunsa, a naɗe reshen cikin jiƙaƙƙen tsumma.
2. A jikin karan da za a aura, santimita 10 zuwa 15 daga gindi, a tsaga ɓawo da wuƙa mai kaifi da tsabta, tsaga ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance a samanta.
3. A feƙe ido guda daga reshen tare da ɗan ɓawonsa, kada a taɓa cikinsa da yatsa.
4. A zura idon ƙarƙashin ɓawon da aka tsaga, fuskarsa na kallon sama, a ɗaure da siririyar leda a bar idon a waje.
5. Bayan kwana 10 a duba. Idan idon na nan kore, aure ya kama. Sai a datse karan kaɗan a saman idon domin ya toho. Idan ya yi baƙi, a sake a wani gefen.

Daga nan duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi da hannu tun yana ƙarami. Idan aka yi sakaci, tohon uwa zai rinjayi na aure, manomi ya wayi gari da magaryar daji.

Dasawa da kulawar shekarar farko

A dasa da yamma a watan Yuli, bayan damina ta zauna. A yanke ledar da reza ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a sa dashen yadda wurin aure zai kasance sama da ƙasa, a danne gefe, a ba shi ruwa. A kafa sanda a ɗaure shi saboda iska. A inda ƙasa ke da gangara, a yi kunya mai siffar rabin wata a ƙasan itacen domin ta tare ruwan sama.

Yana da kyau a haɗa iri biyu ko fiye a gona guda, misali Gola da Umran. Wasu ire-iren ba sa ɗaukar 'ya'ya sosai sai ƙudan zuma da sauran ƙwari sun kawo musu garin fure daga wani irin. Bugu da ƙari, haɗa mai saurin nuna da mai jinkiri na tsawaita lokacin sayarwa.

Babban abokin gaban dashe a kewayen gari shi ne akuya. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko kwando ko tubali tun ranar da aka dasa shi. A ranin farko a riƙa ba shi jarka guda ta lita 20 sau biyu a mako, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a gindinsa don rage bushewa, amma kada shimfiɗar ta taɓa karan saboda gara.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magarya na son bazuwa a ƙasa kamar kurmi. A shekarar farko a bar kara guda ya miƙe har kimanin santimita 75, sa'an nan a bar rassa uku ko huɗu da ke fuskantar ɓangarori daban-daban su zama ginshiƙan itacen. Dashen aure kan fara 'ya'ya tun a shekara ta farko ko ta biyu, amma ya fi kyau a rage na farkon domin itacen ya yi ƙarfi.

Aski, taki da ban ruwa

Magarya na yin fure a kan sabon reshen da ya fito a wannan shekarar. Tsohon reshe ba ya ba da amfani. Wannan ne ya sa askin shekara-shekara ya zama tilas, kuma rashinsa ne ke sa 'ya'ya su riƙa ƙanƙancewa. Lokacin aski shi ne ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da itacen ya zubar da ganye saboda zafi. A datse rassan bara a bar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin tsawonsu, a cire busassu da waɗanda suka gitta juna, a kuma sare duk reshen da kauci ya kama. Rassan da aka cire sun zama shinge da makamashi.

Bayan aski, da faɗuwar ruwan farko, a zuba ruɓaɓɓen taki bokiti biyu zuwa huɗu gwargwadon girman itacen, a kewaye daidai inda inuwar rassa ta tsaya, a rufe da ƙasa. Wanda zai ƙara da takin zamani ya nemi shawarar malamin gona a kan adadi, ya raba shi kashi biyu: farkon damina da lokacin da 'ya'ya suka ƙulla.

Fure kan fito daga ƙarshen damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, 'ya'ya kuma su nuna daga Nuwamba zuwa Fabrairu gwargwadon iri. Ban ruwan da ya fi amfani shi ne na lokacin da 'ya'ya ke girma, bayan ɗaukewar ruwan sama. Yawan ruwa a tsakiyar fure na sa fure ya zube. Daga Maris zuwa lokacin aski kuwa, babban itace ba ya bukatar ruwa. A bar shi ya huta. A Indiya itacen da ya cika girma kuma yake samun kulawa kan ba da kilo 80 ko fiye a shekara, amma manomi ya sa ran abin da bai kai haka ba a shekarun farko da kuma inda babu ban ruwa.

Ƙwari da cututtuka

Ƙudan 'ya'yan itace shi ne babbar matsalar magarya 'yar aure. Macen na huda ɗan itace ta saka ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ci naman daga ciki, ɗan ya faɗo, tsutsar ta shige ƙasa ta zama sabon ƙuda. Wanda ya fahimci wannan zagaye ya san inda zai katse shi. A riƙa tsince 'ya'yan da suka faɗo kowace rana, a binne su a rami mai zurfin rabin mita, ko a ƙulle su a baƙar leda a ajiye a rana. A yi wa gindin itacen kaftu a bazara domin rana da kaji su gama da waɗanda ke ɓoye a ƙasa. Feshin ruwan dakakken ƙwallon darbejiya na taimakawa. Idan maƙwabta suka yi wannan aiki tare, sakamakon ya fi kyau, domin ƙuda bai san iyakar gona ba.

Akwai kuma wata cuta da ke sa fari-fari kamar toka a kan sabon ganye da ƙananan 'ya'ya, har su tsage ko su zube. Aski mai kyau da ke barin iska ta ratsa itacen na rage ta. Idan ta yi tsanani ana amfani da maganin farar wuta.

Duk maganin feshi da za a saya a tabbatar yana da lambar rajistar hukumar NAFDAC, a bi adadin da aka rubuta, a kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka, kuma kada a yi feshi sa'ad da itace ke cikin fure, domin kada a kashe ƙudan zuma.

Tsinka da sayarwa

A tsinke da hannu da safe, sa'ad da launin ɗan ya fara juyawa daga kore zuwa rawaya. Kada a kaɗa da sanda. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci guda, don haka za a riƙa zagayawa duk bayan kwana uku ko huɗu. A ware masu huda, a wanke sauran da ruwa mai tsabta, musamman a gonakin da ke kusa da titi ko hayaƙin masana'anta, a zuba a kwando marar zurfi a ajiye a inuwa. Ɗanyun 'ya'ya ba sa wuce 'yan kwanaki, don haka abin da bai samu shiga ba a shanya shi a kan tabarma mai tsabta.

Manoman Panshekara da Zawaciki da Kumbotso da Tamburawa na da sa'ar kusanci da kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, ga kuma ma'aikatan masana'antu da 'yan makaranta. Sai dai mutane da yawa ba su saba da wannan ɗan itace ba tukuna. Hikima ita ce a fara da itatuwa 10 zuwa 20, a koyi aure da aski, a ga yadda kasuwa ta karɓa, kafin a faɗaɗa.

Abin da ake bukata daga jami'ai da shugabannin al'umma

Shugabannin sashen aikin gona na ƙananan hukumomi za su taimaka ƙwarai idan suka tanadi 'yan itatuwa na tabbataccen iri a gandun renon dashe, inda manoma za su riƙa samun reshen aure, suka kuma shirya koyar da aure a aikace a watan Yuni. Matashin da ya ƙware a wannan aiki ya samu sana'a. Haka kuma ya kamata kowace ƙaramar hukuma da waɗannan rafuka suka ratsa ta san gonakin da ke shan ruwan masana'antu, ta taimaka wa masu su wajen gwajin ƙasa da samun wani ruwan.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka fi kusa da jama'a. Idan suka ga an saki ruwa mai launi ko wari cikin rafi, ko an jibge tarkacen jima a bakin gona, su rubuta rana da wuri su kai rahoto ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha ko ofishin hukumar NESREA da ke Kano. An kafa wannan hukuma a 2007, kuma tun 2009 akwai ƙa'idojin tarayya da suka wajabta wa masana'antun fata da na saƙa tace ruwansu kafin su sake shi. Haka nan su ja hankalin masu dabbobi a kan sakin awaki da rani, su kuma hana sare magaryar da ke gonaki, tun da kowace ɗaya uwa ce da za a iya aurarwa.

Masu neman ƙarin bayani na iya tuntuɓar malaman gona na hukumar KNARDA, ko tashar cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda, ko Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ko ofishin ICRISAT da ke Kano.

Kammalawa

Ana kira ga manoma da su zagaya gonakinsu kafin watan Afrilu su ƙidaya magaryar da ke ciki, su nemi inda za su samu reshen aure, su kuma tabbatar da tsabtar ruwan da za su shayar da dashensu. Wanda ya sare a Afrilu ya aura a Yuli, yana iya ɗanɗana 'ya'yan farko kafin shekara ta zagayo. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.